Mai sayar da ƙwaya yana Agege, mai yin ta yana Indiya



Duk mun san yaron da ke sayar da ƙwaya a bakin tasha ko a lungun kasuwa, a Agege ne ko Idi-Araba ko Mile 12. Shi ake kamawa, shi ake duka. Amma ba shi ya yi ƙwayar ba, ba kuma shi ya sauke kwantena a Apapa ba.

A watan Fabrairun 2025 wani binciken BBC ya bankaɗo wani kamfani a Indiya da ke haɗa sinadarin tapentadol da carisoprodol, yana turo su Najeriya da Ghana da Kwaddibuwa. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin Indiya ta haramta wannan haɗin. Abin tambaya shi ne, me ya sa sai da 'yan jarida suka tona kafin hukumomi su motsa?

Wannan fatauci yana da ƙafa a ƙasashe da yawa. Masana'anta tana can, jirgin ruwa na wata ƙasa ne, kuɗin kuma yana ɓoye a wani banki daban. NDLEA ba ta da hurumin kama kowa a Mumbai. Shi ya sa aka ƙulla yarjejeniyar Palermo ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2000, wadda Najeriya ke cikinta, don ƙasashe su riƙa musayar bayanai da miƙa wa juna waɗanda ake tuhuma.

Sai dai babu ƙasar da za ta ba mu sirrin bincikenta idan ta san babban dila zai fito da kiran waya ɗaya. Haɗin kai da waje yana tafiya ne da ƙarfin kotunanmu na gida.

A nan muke da namu laifin. Idan an kama ƙaramin yaro mu taru mu yi masa dukan kawo wuƙa. Idan an kama mai kuɗi, mu ne za mu haɗa dattawa a je roƙo, wai ɗan uwa ne a rufa masa asiri. Duk biyun karya doka ne.

Muna kira ga sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa: kada a ƙara zuwa yi wa dila kamun ƙafa. Wanda aka kama a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa, mai shaida ya daure ya je kotu. 'Ya'yanmu ne ke shan ƙwayar nan.

Allah Ya shirya mana zuri'a.