A Bar Ɓarawo Ya Yi Gudu, A Bar Mu Mu Yi Dariya

A zamanmu na ƙarshe wani ɗan'uwa ya karanta mana labarinsa na wani yaro mai kai man fetur ta bayan fage, wanda ƴan duwan suka biyo shi daga wajen Gazawa har cikin Tasawa da jarka shida bayan babur. Mun yi dariya har wasu suka riƙe ciki. Da ya gama sai aka miƙe aka ce labarin ba shi da darasi, wai shirme ne, kada ya shiga ɗan littafinmu. Ni kuwa na ce wallahi shi ne kaɗai abin da aka saurara har ƙarshe ran nan, babu wanda ya taɓa wayarsa. Na zo in kare shi.

Masu cewa dariya da dabarun ɓarayi baƙon abu ne da muka kwaso daga fina-finan Turawa, ina tambayarku: wa ya rene ku in ba Gizo ba? Maƙaryaci ne, ɓarawo ne, ya cuci kura, ya cuci Ƙoƙi, kuma saboda shi muke hana kaka barci. Ku koma Ruwan Bagaja. Abubakar Imam ya rubuta shi don gasar da aka shirya a Zariya a 1933, yana da shekara ashirin da biyu, kusan sa'an wasunmu. Tambayi duk wanda ya karanta shi abin da ya rage masa a ka. Ba zai ce maka ruwan maganin ba, zai ce Alhaji Imam da Malam Zurƙe, yadda wannan ke jefa wancan cikin masifa, gari ya waye a rama. Shekara casa'in ke nan ana karanta shi. Littattafan wa'azi nawa aka buga tun lokacin, wa ya tuna sunansu?

Daɗin irin wanga labari yana cikin lokaci. Dole a ɗaure wa jarumi igiya a wuya tun shafin farko: kuɗin adashen uwarsa ya ɓace, kuma jibi ne ranar kwasa. Shi ke nan, mai karatu ya shiga tarko. Duk jimlar da ba ta matso da jibin nan kusa ba, a yanke ta. Mu nan mun saba buɗe labari da shafi biyu na bayanin hantsi da kukan tsuntsaye da siffar hancin yarinya. Dan Allah! Dala biyar-biyar muke biya kowane shafi wajen mai hotokofi, a kan hanci za mu kashe ta?

Dariyar kuma ba a liƙa ta daga waje kamar tambari. Tana fitowa ne in mutum ya shiga uku amma yana ƙoƙarin riƙe girmansa. Alhajin da aka sace masa kuɗi, ya kasa kai ƙara wajen jandarma don ba zai iya faɗin inda ya samo su ba. Ɓarawon akuya da ya tarar da mai akuyar cikin motar Mayahi, suka zauna cinya da cinya, akuyar tana kuka a bisa. Mai karatu ya san abin da ɗayansu bai sani ba, yana jira tukunya ta fashe. Wannan jiran shi ne ke sa a juya shafi, shi ne kuma ke sa dariya ta kuɓuce.

Akwai hujja guda da ba zan raina ba. Wata ƴar'uwa ta ce yaya za mu yi raha da laifi alhali a Madarunfa da Gidan Runji ana sace mutane ana neman fansa, tun 2019 ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina na kwararowa jihar Maraɗi? Ta yi gaskiya, kuma duk wanda ya rubuta abin dariya a kan matar da aka kashe wa miji, ni ne zan fara yaga takardarsa. Amma ki duba wanda labarin ɗan'uwanmu ya yi wa dariya: mai kaki da ya bi yaro kilomita da kilomita don jarka shida, alhali babbar mota ta wuce gabansa da gaisuwa. Da ya rubuta haka a matsayin muƙala, da an ce yana siyasa. Da ya sa shi cikin tsere da raha, kowa ya gane, kowa ya tafi da shi gida. Sulaiman Ibrahim Katsina ya tono fasa ƙwauri da cin hanci cikin Turmin Danya tun 1982. Su Yazi Dogo sun shekara da shekaru suna faɗa wa manya gaskiya a wasan kwaikwayo, jama'a na tuntsira dariya.

Abin da ke ba ni haushi shi ne kayan aikin suna zube a ƙofar gidanmu. Babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ta ratsa Tasawa, ga tasha, ga dillalan dabbobi, ga ƴan kabu-kabu da suka san sirrin gari fiye da kowa, ga shekarun rufe iyaka na 2019 da 2023 da suka koya wa yara hanyoyin daji kamar tafin hannunsu. Musa Konate na Mali ya ƙirƙiro kwamishina Habib ya zaga da shi Bamako da ƙasar Dogon, har Faransa ana saye. Mu kuwa an ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, amma ƙannenmu in suna son labari mai gudu sai su jira abin da ya zo daga Kano, ko su koma fim ɗin Indiya mai fassara.

Don haka ina roƙon ƙungiya ta sake zama kan labarin nan. A gyara masa rubutu, a rage shafi na uku da ya yi tsawo, amma kada kowa ya ƙara masa tuba a ƙarshe. In an ƙi buga shi, zan cire nawa rubutun daga fitowa ta gaba a sa nasa a gurbin, kuɗin shafukan kuma na riga na biya.