An Cika Akwati, An Manta Da Mai Akwatin

 

Ya ku iyaye, duk shekara idan sunayen waɗanda suka samu gurbin shiga jami'a suka fito, sai gidaje su ɗauki harama. A sayi katifa da bokiti da risho da tukwane, a ɗaure garin rogo da ƙuli-ƙuli da yaji, uwa ta kwana tana dambun nama, uba ya ci bashi ya biya kuɗin rajista. Ba mu ga laifin wannan ba ko kaɗan. Abin takaicin shi ne, a cikin makonnin nan na shiri, da wuya ka samu uban da ya zaunar da ɗansa sa'a guda ya gaya masa abin da zai je ya tarar. Ranar tafiya a sauke yaro da kayansa a bakin ƙofar Samaru a Zariya, ko sabon mazaunin Jami'ar Bayero a kan hanyar Gwarzo, a ce "Allah Ya ba da sa'a," a juya mota tun kafin la'asar.

Shin wa kuka bar wa shi? A 2025 gwamnatin tarayya ta tsayar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a. Wato da yawa daga waɗanda ake saukewa yara ne da har jiya sai an tashe su sallar asuba. Ɗakunan kwana ba sa isa, saboda haka wani zai raɓa a gadon wanda bai sani ba, wata kuma ta kama haya a cikin unguwa, inda babu mai gadi, babu mai tambayar ina ta kwana. Jami'a takan shirya makon wayar da kan sababbin ɗalibai, a nuna musu ɗakin karatu da asibiti, a karanta musu dokoki, daga baya a rantsar da su. Amma akwai wata wayar da kan da ake yi bayan sallar isha'i, wadda tsofaffin ɗalibai marasa tsoron Allah suke shiryawa, har sun mayar da farautar sababbin ɗalibai mata al'adar farkon zango. Wanda ya riga kama hannun yaro a makon farko, sau da yawa shi ne zai riƙe shi shekara huɗu.

Kada wani ya ce tsoratarwa ce kawai. Ranar 10 ga Yuli 1999 'yan ƙungiyar asiri suka shiga ɗakin kwanan ɗalibai a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife suka kashe mutum 5. A 2018 sai da gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan da aka fallasa yadda ya cinye samari da 'yan mata a Kano da wasu garuruwa. A 2019 BBC ta bankaɗo malaman jami'a a Legas da Gana masu neman mutuncin ɗalibai. Duk waɗannan tarkuna da abota da murmushi ake ɗana su.

Wasu iyayen sukan ce, "Ai ya girma, jami'a ba sakandare ba ce." To, in ya girma, don me kuke aika masa kuɗin abinci duk wata? Kun yarda cikinsa amana ce a wuyanku, amma sallarsa da abokansa ba amana ba ne? Wasu kuma sai su fake da wannan ɓarna su hana 'ya'yansu mata karatu ɗungurungum, alhali su ne kan gaba wajen ƙorafi idan namiji ya duba matansu a asibiti. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Gyara a bayyane yake. Uba ya je da ƙafarsa, ya ga ɗakin, ya gaisa da abokan kwanan ɗansa, ya san masallacin da zai riƙa sallah, ya gabatar da shi ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, wadda take wannan aiki tun 1954, ya kuma nema masa wani dattijo amintacce a garin da zai riƙa leƙa shi. Uwa ta cire kunya ta yi wa 'yarta bayani dalla-dalla, ta tabbatar mata cewa duk malamin da ya matsa mata, gida za ta fara gaya wa kuma ba za a zarge ta ba. A ba yaro kuɗin da zai ishe shi, domin yunwa ƙofa ce da shaiɗan ya san hanyarta.

Ku sani, ya ku iyaye, ranar hisabi ba za a tambaye ku kaurin katifar da kuka saya ba. Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sa su dawo da ilimi mai amfani da imaninsu cikakke.