Jaridun Kyauta na Landan: Wa Aka Yi Wa Kyautar?

Duk lokacin da muka zauna ana kukan cewa jama'a sun juya wa karatu baya, da wuya a tashi wani bai kawo zancen Turai ba. Wai a can jarida ma kyauta ake miƙa wa mutum a bakin tashar jirgin ƙasa, shi ya sa kowa ka gani kansa a sunkuye. Daga nan sai a yanke hukunci cewa tsada ce ta kashe karatu, a cire kuɗi a sha kallo. Mu kam wannan magana ba ta kwanta mana ba. Tun da kuwa da birnin Landan aka fi kafa hujja, bari mu leƙa can mu ga yadda aka kwashe.

Dabarar ta samo asali ne daga birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a 1995. Ganin tana iya tsallakowa Ingila, sai kamfanin Associated Newspapers, masu jaridar Daily Mail, suka yi riga-malam-masallaci, suka fito da tasu mai suna Metro a watan Maris na 1999. Suka ƙulla yarjejeniya da hukumar jiragen ƙarƙashin ƙasa, ana jibge ta a tashoshi da sassafe, mai so ya ɗauka. An tsara ta yadda mutum zai gama da ita cikin kamar minti 20, wato kafin ya isa wurin aiki. Gajerun labarai ne, ba sharhin edita, ba goyon bayan wata jam'iyya. Ba mu ce gwanar jarida ce ba, amma ta san iyakarta, kuma ba ta bin kowa da gudu a titi.

Rigimar ta ɓarke ne a 2006, a kan kasuwar yamma. Kamfanin News International na Rupert Murdoch ya shirya fito da thelondonpaper a ranar 4 ga Satumba. Kafin ranar ta zo, a 30 ga Agusta, Associated suka tare hanya da London Lite. Me ya jawo wannan gaggawa? Ai su ne a lokacin suke da Evening Standard, tsohuwar jaridar yamma da ake sayarwa, sun kuma ga baƙo na shirin shigar musu gona. Ba kuma yau suka fara ba. A 1987, da Robert Maxwell ya fito da London Daily News, tono suka yi suka farfaɗo da wata matacciyar jaridarsu, Evening News, suka karya farashi, cikin watanni biyar ta Maxwell ta sheƙa barzahu, su ma ba da jimawa ba suka mayar da tasu kabari. To don Allah, jaridar da aka haifa don ta shaƙe wata, wace hidima ta zo yi wa mai karatu?

A auna su biyun. Ita thelondonpaper, mu yi mata adalci, tana da nata ma'aikatan da nata fasalin, da launin shunayya da aka san masu rabonta da shi. Tana ma da wani fili da ya kamata ya ja hankalin marubuta: kullum wani daga cikin masu karatu ne ke rubuta shi, sauran su aika saƙon waya su ce a ƙara masa dama ko ya gundure su. Da jin farko abin sha'awa ne. Amma mu da muke gyaran insha'in ɗalibai mun san ba a koyon rubutu da ƙuri'ar masu gyangyaɗi a jirgi. Ita kuwa London Lite, galibin abincinta ragowar tukunyar yayyenta ne na gida ɗaya, sai hotunan 'yan wasa da mawaƙa suna fitowa daga gidajen rawa da tsakar dare. Babban abin da take tinƙaho da shi wai tawadarta ba ta ɓata hannu. Jama'a, jarida guda, abin alfaharinta ke nan!

Kowace yamma ana zubo kusan kwafi 500,000 na ɗaya, da kusan 400,000 na ɗayar. Masu rabo su tsaya a bakin kowace tasha suna cusa wa mutane a hannu, ko ka so ko ka ƙi. Dalili a fili yake: mai talla ne ke biya, shi kuwa adadin da aka raba yake tambaya, bai damu da wanda ya kai shafi na biyar ba. Har kamfanonin biyu suka riƙa zargin juna da cewa masu rabo na juye damman jaridu a kwandon shara don a cika lissafi. Ƙaramar hukumar Westminster ta gaji da kwasar takardu, ta yi barazanar hana rabon, sai da suka yarda suka kafa akwatunan tattara su.

Ƙarshenta dai kowa ya ji jiki. A shekara guda kaɗai thelondonpaper ta tafka asarar fam miliyan 12.9, aka rufe ta a 18 ga Satumba, 2009. Ko wata biyu ba a cika ba, a 13 ga Nuwamba, London Lite ta bi ta. Da ma don kishiya aka yi kwalliyar, kishiya ta fita, sai a wanke fuska.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne makomar Evening Standard, wadda ake bugawa tun 1827, mai 'yan rahoto da masu nazarin littattafai da wasan kwaikwayo na gaske. Wa zai ciro fene 50 alhali ga biyu ana tura masa a banza? A farkon 2009 aka sayar da mafi yawan hannun jarinta ga attajirin nan ɗan Rasha, Alexander Lebedev, a watan Oktoba kuma ita ma ta koma kyauta, ta ninka abin da take bugawa zuwa kusan 600,000.

Mun san abin da 'yan'uwanmu za su ce: ai ga shi nan, masu karatu sun ƙaru. Mun yarda dubban mutanen da ba su taɓa sayen jarida ba sun riƙe ta a hannu, Standard ma ta ɗan farfaɗo na wasu shekaru. To amma ina suke yanzu? Da aka sa intanet a tashoshin ƙarƙashin ƙasa daga 2012, wayar hannu ta ɗauke musu hankali. Da annobar korona ta zaunar da ma'aikata a gida a 2020, jiragen suka zama wayam, masu talla suka janye. Wanda ya saba ciro kuɗinsa zai nemi jaridarsa ko a ina take, har ya yi cigiya in bai gan ta ba. Wanda aka cusa wa, jirgi ne ya haɗa su, jirgi ya raba su.

Metro ta cika shekara 25 a 2024 tana fitowa, mun kuwa ce ita ce mai dama-dama, sai dai a tuna tashoshin da aka ba ta ita kaɗai su ne jarinta. A watan Satumba na wannan shekarar ta 2024 Evening Standard ta daina fitowa kullum, ta koma mako-mako da sunan The London Standard, bayan an rage ma'aikata masu yawa. Daga cikin jaridun yamma uku da suka yi kokawa a titunan Landan a 2006, babu ko ɗaya da ta kai ƙarshen 2024 tana fitowa kowace rana. Mai shirin sake kawo mana misalin Landan a taro na gaba, ya zo da bayanin wannan a aljihunsa.