RA'AYINMU: Wutar Rana Alheri Ce, Amma Kada Ta Ci Burtali

'Yan'uwa makiyaya da fataken dabbobi, duk wanda ya taɓa wuni a bakin rijiya lokacin bazara, yana kora takarkari yana jan wasaki har hannu ya yi kanta, ba sai an gaya masa amfanin famfon da ke aiki da hasken rana ba. Babu sayen gazuwal, babu jiran makanike. Da allon rana muke cajin salular da muke jin farashin kasuwa, da shi kuma ake sanyaya allurar rigakafin dabbobi a karkara.

Wannan abu bai faɗo daga sama ba. Masana sun yi shekaru suna gyara allon: suka rage kaurin sinadarin silikon da ake yin sa da shi, suka ƙara yawan wutar da yake tatsowa daga rana, sannan ƙasar Sin ta kafa manyan masana'antu, har yau ita ke ƙera fiye da kashi 80 cikin 100 na allunan duniya. Tsakanin 2010 da 2020 farashin allon ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, baturan ajiye wuta su ma suka yi araha. A 2023, kashi 30 cikin 100 na lantarkin duniya daga ruwa da iska da rana da makamantansu ya fito. A nan Nijar ma, an buɗe tashar Malbaza a 2018, ta Gorubanda kusa da Yamai a 2023.

Mun yi murna da wannan. Amma manyan tashoshi fili suke ci, kuma filin da aka fi sa wa ido shi ne wanda ake cewa "ba na kowa ba", wato makiyayarmu. A Maroko, tashar Warzazat ta cinye kimanin hekta 3,000 na filin al'umma inda ake kiwo. A Kenya, an kafa injunan iska 365 kusa da tafkin Turkana, amma a 2021 kotu ta ce ba a bi doka ba wajen ba da filin makiyayan yankin. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ashe kuwa akwai mafita. A Amurka da Faransa da Ostareliya tumaki na kiwo a ƙarƙashin alluna: su sami inuwa da ciyawa, masu tasha su huta da nome. Wannan ita ce irin dabarar da muke so a kawo mana.

Saboda haka muna kira ga hukuma: dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙinmu ne. Kada a ba da fili sai an zauna da ardo-ardo da kwamitocin kula da filaye, kada a tare burtali ko mashaya, kuma wutar ta isa rijiyoyi da kasuwannin dabbobi na kusa.

Mu ma da namu nauyin. Famfon rana ba ya gajiya, in ba a tsara shayarwa ba dabbobi za su taru su tattake ciyawar kewaye. A kafa kwamiti, a tara kuɗin gyara, a sa mai gadi, a koya wa samarinmu aikin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mana dukiya. Amin.