Kuɗin Ƙofa Da Son 'Yan Kallo: Daga Sangaya Zuwa Jenifa

Yau zan ɗan jingine maganar littafi in tsoma baki cikin wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakanin masu sha'awar finafinai, wato gardamar wane fim ne ya fi wani. Da zarar ka ce wa mutum fim ɗin gwaninsa bai kai na wane ba, abu na farko da zai jefo maka shi ne lissafi: ai namu ya tara kaza, ai namu mutum miliyan kaza ne suka kalla. Shi kuma abokin gardamar sai ya ce lissafin banza ke nan, wa ke tuna fim ɗin naku a yau? Ni a ganina kowannensu yana da tasa gaskiyar. To amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a tamu harkar ta fim ɗin Hausa, son 'yan kallo yana nan jibge, sai dai bai cika samun hanyar da zai bi ya isa aljihun waɗanda suka sha wahalar aikin ba.

Bari mu fara da Amurka, inda wannan gardama ta fi ƙamari. A shekarar 2009 darakta James Cameron ya fito da Avatar, wanda ya zama fim ɗin da ya fi kowane tara kuɗin ƙofa a duniya. Kusan shekara goma yana riƙe da wannan kambu, sai a 2019 Avengers: Endgame na kamfanin Marvel ya ture shi da kusan dala biliyan 2.8. Masoyan Marvel ba su gama murna ba, a 2021 aka sake haska Avatar a silimomin ƙasar Sin, ya karɓe kambunsa, daga baya lissafinsa ya haura dala biliyan 2.9. Duk da haka, masu adawa da shi suna cewa a kawo mutum goma da suka kalli Avatar a ce su faɗi sunayen mutum uku a cikinsa, za a ga ana sosa ƙeya. Amma Star Wars, wanda aka fara tun 1977, masoyansa sun haddace shi kamar karatun allo, suna ɗinka tufafin jarumansa, suna gadar wa 'ya'yansu son shi.

Ko shakka babu wannan son ba na banza ba ne, yana da farashi. A 2012 kamfanin Disney ya biya kimanin dala biliyan 4 ya sayi kamfanin Lucasfilm mai Star Wars. Babban abin da ya saya da wannan maƙudan kuɗi shi ne mutanen da ya tabbata za su dawo silima duk ranar da aka ce ga sabo ya fito. Abin dariyar ma, Disney ɗin nan shi ya sayi Marvel a 2009, kuma Avatar ya faɗo hannunsa a 2019 lokacin da ya sayi Fox. Wato dai masoya na ta tada jijiyar wuya a kan wa ya fi wa, alhali kuɗin duk asusu ɗaya suke shiga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To mu dawo gida. Duk wanda ya yi wayo a farkon shekarun 2000 zai tuna gasar da aka yi tsakanin Sangaya da Wasila. Sangaya na kamfanin Sarauniya ne da ke Kano, Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, ya fito a 1999, labarin soyayya ne a gidan sarauta, kuma waƙarsa ta canza salon harkar baki ɗaya. Wasila kuwa namu ne na Kaduna, Yakubu Lere ne ya shirya shi, Ishaq Sidi Ishaq ya ba da umarni, ya fito a 2000, labarin aure da cin amana. An yi ta musu a majalisu da gidajen biki, wasu na bayan Fati Muhammad, wasu na bayan Wasila Isma'il, har abin ya so ya koma tsohuwar gasar nan ta Kano da Kaduna. Mai karatu zai lura cewa jarumin finafinan biyu mutum ɗaya ne, wato Ali Nuhu. Ko ta ina gardamar ta faɗi, shi dai riba ya ci.

Amma da me aka auna nasararsu a wancan lokaci? A nan gizo ke saƙar. Yadda kasuwar kaset take a lokacin, furodusa kan buga kwali ne, wato bangon da ake saka kaset a ciki, ya kai wa 'yan kasuwa irin na Ƙofar Wambai a Kano, su saya, su kuma su kwafi fim ɗin a kan kaset su sayar. Saboda haka adadin kwalin da aka sayar shi ne lissafin furodusa. Da kaset ya bar kasuwa ya faɗa shagon haya, shi ke nan, an gama da mai fim. Kaset ɗaya zai zaga gida hamsin, a kowane gida kuma ga matan gida, ga yara, ga maƙwabta da suka shigo kallo, har sai ya fara cin zare. Duk waɗannan mutane ba su cikin lissafi, alhali su ne suka haddace waƙoƙin, su ne kuma har gobe idan aka ambaci Sangaya za ka ga fuskarsu ta washe.

Idan ana son a ga ma'aunin so na gaskiya a wurin Bahaushe, a dubi sunaye. 'Yan wasa nawa ne sunan fim ya manne musu har ya danne na mahaifi? Ga Sadiya Gyale, ga Rukayya Dawayya, ga Maryam Mushaƙƙa, ga Hafsat Ɓarauniya. Babu kamfanin da ya raɗa musu, 'yan kallo ne suka yi. Haka nan marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014. Finafinan Ibro su ne jerin fim mafi kama da irin na Turawa da muka taɓa samu, domin kuwa da an rubuta Ibro a gaban kowace kalma, mutane za su saya ba tare da tambayar labarin ba. Fiye da shekara goma da rasuwarsa, har yanzu ana yawo da guntayen barkwancinsa a waya, yaran da ba su san shi da rai ba suna kwaikwayon maganarsa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Sai dai tambayar da ba mu son yi ita ce, a cikin duk wannan dariya da ake sha, nawa ne ke komawa ga waɗanda suka zuba jarinsu, ko ga iyalan da ya bari?

Bayan zamanin kaset sai gasar ta koma ta gidaje. An yi zamanin FKD na Ali Nuhu da 2 Effects na Sani Danja da Yakubu Muhammad. Daga baya aka shiga zamanin yaran Ali da yaran Adam A. Zango, wannan ya ce Mansoor na 2017, wancan ya ce Basaja da Gwaska. Saɓanin jaruman biyu a 2019 har sai da ya kai gaban kotu kafin manya su shiga tsakani a sasanta. Abin da na lura da shi a wannan zamani shi ne, son ya tashi daga kan labari ya koma kan mutum. Masoyi zai iya kwana yana zagin wani a Facebook ko Instagram saboda gwaninsa, amma idan fim ɗin gwanin ya fito, sai ya nufi wurin masu tura finafinai a waya, ya ba da kuɗin da bai kai na ƙosai ba, a zuba masa. Ko sisi ba ya zuwa ga furodusa. Irin wannan so shi ya taimaka wajen durƙusar da kasuwar faifan CD, ya bar furodusoshi da yawa da bashi.

Akwai kuma wasu masoya da lissafin harkar ya manta da su gaba ɗaya, kuma a cikinsu nake zaune. Nan Kamazou, a ƙaramar hukumar Chikun, kudu da kogin Kaduna, mafi yawan mazauna ba Hausawa ba ne, kuma Kiristoci ne, amma Hausa ce harshen kasuwa da na cikin Keke Napep. Tun rikicin shekarar 2000 garin Kaduna ya rabu, kowa ya ja nasa ya koma ɓangarensa na kogi. Duk da haka wasan Hausa bai daina tsallako gada ba. Na ga gidajen da ake barin fim ɗin kudu a koma tashar Arewa24 idan lokacin Daɗin Kowa ya yi, na ji mata a shagon ɗinki da wurin kitso suna musu a kan halin Kamaye da Adama kamar maƙwabtansu ne. Wani ɓangare na sirrin shi ne shirin ya sa Kirista irin su Stephanie a cikin garin a matsayin mutane masu nasu labarin, don haka mai kallo a nan yana ganin kansa a ciki. Waɗannan mutane ba su cikin ƙungiyar masoyan kowane jarumi, ba sa zagin kowa a intanet, labari ne kawai ya kama su. Furodusan da ya ɗauka kasuwarsa ta tsaya a Kawo da Tudun Wada, ya yi asarar rabin gari.

Wani zai ce ai yanzu an samu ma'auni, tunda daga 2020 gasar ta koma ta finafinai masu dogon zango, irin su Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina na Aminu Saira, kuma YouTube na nuna adadin kallo ƙiri-ƙiri. Gaskiya ne, an ci gaba. Amma adadin kallo ba shi ne kuɗi ba, domin abin da talla ke biya a kan mai kallo daga Nijeriya ko Nijar bai kama ƙafar na mai kallo daga Amurka ko Ingila ba. Haka kuma adadin bai nuna so ba, tunda wanda ya leƙa ya wuce da wanda ya kwana yana tunanin makomar Sumayya ko Umar Hashim, duk lambar ba ta bambanta su.

Alal haƙiƙa ba sai mun je Amurka neman darasi ba, yana nan Legas. Funke Akindele ta fito da Jenifa a 2008, ta mayar da shi shirin talabijin mai suna Jenifa's Diary a 2015, ta yi ta renon wannan hali guda shekara da shekaru har ya zama kamar 'yar gidan kowa. Fim ɗinta A Tribe Called Judah shi ne fim ɗin Nijeriya na farko da ya haura naira biliyan 1 a silima, a watan Janairun 2024. Da ta dawo da Everybody Loves Jenifa a ƙarshen wannan shekarar, sai ya wuce naira biliyan ɗaya da rabi. Son da aka tara cikin shekara 16 shi ne ya je ya yi layi a bakin ƙofa da kuɗinsa a hannu. Ashe ke nan so da kuɗin ƙofa ba kishiyoyi ba ne; so ne gona, kuɗin ƙofa amfanin da aka girbe.

Don haka kirana kashi biyu ne. Ga masu shirya fim, ku daina dogara da fuskar jarumi kaɗai, ku gina labari da mutanen da za a riƙa tunawa, ku nemi marubuta na ƙwarai ku biya su haƙƙinsu, ga su nan birjik a duniyar littattafanmu. Ku riƙa faɗin lissafi na gaskiya, domin mai jari ba ya zuba kuɗi a inda kowa ke ƙara gishiri. Ku kuma tuna da masu jin Hausa da ba Hausawa ba, daga nan kudancin Kaduna har Jos, da ma Zangon Kumasi.

Ga mu 'yan kallo kuwa, kafin mu buɗe baki mu ce gwaninmu ya fi na wani, mu tambayi kanmu nawa muka taɓa biya. Mu kalli fim a tashar mai shi, mu sayi tikiti idan an haska, mu ƙi karɓar na sata ko da kyauta ne. Ku da ke karatun littattafai kun fi kowa sanin wannan ciwo, domin abin da ake yi wa furodusa shi ake yi wa marubuciyar da ta kwana tana rubutu, ta sa kuɗi kaɗan a kan littafinta, kafin gari ya waye an watsa shi kyauta a WhatsApp, kuma waɗanda suka watsa ɗin su ne masu kiran kansu masoyanta na haƙiƙa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wanda ke da ja a kan abin da na faɗa, ƙofa a buɗe take. Allah ya sa mu gyara. Sai mun sake haɗuwa.