ILIMI GA KOWA: Shin hasken rana yana da nauyi?

 A wanga wata za mu duba wata tambaya da ake yawan yi a makarantun yaƙi da jahilci na Gaya: in rana ta take, mutum yakan ji kamar an aza mashi kaya a kai. To, haske yana da nauyi ne?

Amsa ita ce: a'a. Haske ba ya da nauyi irin na hatsi ko na dutse. Ba a cika buhu da shi, ba a aza shi bisa sikeli. Amma yana da turi.

Ku duba ruwan Kwara da ke wucewa ƙarƙashin gadar Gaya da Malanville. Saboda yana tafiya, yana tura kwale-kwale. Duk abin da ke tafiya yana ɗauke da turi. Haske ma tafiya yake yi, kilomita 300.000 cikin daƙiƙa guda. Daga rana zuwa gonarka minti 8 ne da ɗan kai. In ya faɗa bisa baƙin abu ya shige, ya tura shi. In ya faɗa bisa madubi ya komo baya, turin ya zama ninki biyu.

Wani masani na Birtaniya, Maxwell, ya rubuta lissafin haka a 1873. A 1900 wani masani na Rasha, Lebedev, ya gwada a Mosko, ya tarar gaskiya ne.

Turin nan ƙanƙane ne ƙwarai. Ku ɗauki gona mai tsawon mita 100, faɗi mita 100. Da tsakar rana, duk hasken da ke sauka bisa gonar nan yana danna ta kamar nauyin giram 3 ko 4 kawai, watau kamar ƙwandalar dala guda. Ko tururuwa ba ta jin rabonta.

Can sama, inda babu iska, turin yana aiki. Kun san shiƙa: iska takan kwashe ƙaiƙayi, ta bar tsaba. Haka haske ke kwashe ƙurar tauraruwa mai wutsiya, shi ya sa wutsiyar ke juya wa rana baya. A 2010 mutanen Japon sun harba wani jirgi, IKAROS, mai shimfiɗa kamar zane, mita 14 kowane gefe, haske yana tura shi.

Ga abin da ya shafe mu. Na ɗaya, wurin awo: rana ba ta ƙara ma buhu nauyi. Albasa ko gyaɗa in ta daɗe a rana, ruwan jikinta ne ke fita, kilo ya ragu. Kada wani ya ruɗe ku. Ku karanta lambar sikeli da idonku.

Na biyu, abin da ke kada mai noma zafi ne da ƙishirwa. Ku sa malafa, ku sha ruwa, ku kai dabbobi inuwa da azahar.

Na uku, amfanin rana yana cikin zafinta da ƙarfinta. Kan haka marigayi Abdou Moumouni, ɗan ƙasarmu, ya yi aiki a ofishin ONERSOL a Yamai. Yau ga allunan sola suna jawo ruwa a gadinoni.

Wanda ya karanta, ya karanta ma maƙwabcinshi. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.