Gidan Adana Zane-zanen Barkwanci: Aikin da Yake Jiran Sassan Hausa

Duk wanda ya taɓa sayen tsire a bakin tashar motar Funtuwa ya san cewa da tsohuwar takarda ake ƙunshe shi, in an ci an ƙoshi sai a goge hannu a yar. Ta wannan hanya, tare da taimakon gara da ruwan damina, wani reshe na adabin Hausa yake salwanta ba tare da kowa ya damu ba, watau zane-zanen barkwanci da labarai masu hotuna waɗanda aka daɗe ana bugawa a jaridu da ƙananan littattafai.

Wasu ƙasashe sun farga tun da wuri. A shekarar 1977 wani mai zane, Milton Caniff, ya ba Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka, inda ya yi karatu, zane-zanensa da takardunsa. Azuzuwa biyu kacal aka ware musu a ginin koyon aikin jarida, aka damƙa su ga wata ma'aikaciyar laburare, Lucy Caswell. Manufar ita ce a tara, a tsare, a kuma buɗe wa masu nazari. A 1998 gidan ya karɓi tarin wani mutum, Bill Blackbeard, wanda labarinsa ya cancanci a tsaya a kai. Shi ya lura cewa dakunan karatu suna ɗaukar hoton tsofaffin jaridu a fim sannan su zubar da na asalin, alhali fim ɗin baƙi da fari ne, launin zanen ya tafi ke nan har abada. Sai ya shiga bin su yana kwashe abin da za su zubar, har ya tara kimanin tan 75, nauyin da sai da manyan motoci shida suka ɗauka. A 2013 gidan, wanda ake kira da sunan Billy Ireland, ya koma babban gini, yana riƙe da zane na asali fiye da 300,000.

Mai yiwuwa a ce ƙasar Hausa ba ta da abin da za ta zuba a irin wannan gida, ko kuma a ce ai wasan yara ne. Wannan magana ba ta da tushe. Tun fitowar Magana Jari Ce ta Abubakar Imam a 1937 hoto yake tafiya tare da rubutun boko. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta biyo baya a 1939, sannan Hukumar NORLA ta Zariya, tsakanin 1954 da 1959, ta cika lardunan Arewa da ƙananan littattafai domin ɗaliban Yaƙi da Jahilci. Dattawa da yawa ba su manta da Sauna Jac ba, amma ɗalibai nawa ne a yau suka taɓa riƙe shi a hannu, balle su san wanda ya zana shi?

Ƙasar Funtuwa da Malumfashi tana da nata kaso na musamman. Nan ne cibiyar auduga tun zamanin Turawa, nan ne kuma aka fara shirin bunƙasa aikin gona da taimakon Bankin Duniya a 1975. Malaman gona sun yi ta yawo ƙauyuka da takardu masu hotuna, irin waɗanda ake bugawa a Samaru, suna nuna yadda ake feshin auduga da zuba takin zamani, domin manomin da bai yi boko ba yana karanta hoto sarai. Waɗannan takardu shaida ce iri biyu. Ga mai nazarin harshe, suna ɗauke da sababbin kalmomin noma a lokacin da ake ƙirƙiro su. Ga mai nazarin al'ada kuwa, suna nuna yadda hukuma take kallon talaka: wace riga aka sa masa, shi ne wawan labarin ko mai wayon, ina aka ajiye matarsa a cikin hoton. Ko zanen bayan manyan motocin da suke dakon hatsi daga Funtuwa, da zakokinsa da karin maganarsa, ɗan'uwan wannan fasaha ne, sai dai shi fenti ɗaya yake shafe shi.

Kuskure ne a zauna jiran gwamnati ta gina katafaren gida. Na Ohayo ma da azuzuwa biyu ya soma. Kabad guda mai makulli da littafin rajista sun ishi kowane Sashen Hausa ya fara. Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna suna da tsofaffin jaridu, amma jarida bisa ranar fitowarta ake jera ta, ba bisa sunan mai zane ba, saboda haka aikin tantancewa yana nan ɗanye. Kowace shekara ɗaliban ajin ƙarshe suna wahalar neman batun kundi, suna maimaita nazarin littattafai huɗu ko biyar da aka riga aka tatse. Da za a tura ɗan Bakori ko ɗan Ƙafur gida lokacin hutu, ya binciki akwatunan tsofaffin malaman gona, a tura wani Tudun Wadar Zariya ya zauna da waɗanda suka yi aiki a Kamfanin Gaskiya ya rubuta sunayen masu zanen tun suna iya tunawa, da kabad ɗin ya cika kafin shekara ta zagayo.